Sarafina: Abin da dandamali ya faɗa da abin da kyamara ta mayar da shi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba, da kuma masu cewa sun fi gane karatu.

Yau Afirka ta Kudu muka nufa, kuma a kan Sarafina za mu tattauna. Na san da na ambaci sunan wasu har sun fara kaɗa kai, don kusan duk wanda ya taso a gidan da ake da kaset ko faifan CD ya ga 'yan makarantar nan masu baƙin siket da farar riga suna taka rawa. Mu ma a makarantarmu ta sakandare sai da aka kwaikwayi rawar a ranar bikin ba da kyaututtuka, alhali da yawanmu ba mu san abin da ake rawar a kansa ba. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, Sarafina ba a matsayin fim aka haife ta ba. Wasan daɓe ne mai waƙe-waƙe da raye-raye, wanda aka shekara biyar ana yinsa a gaban jama'a kafin a mayar da shi fim. Tambayata a yau ita ce: da aka ɗauko wasan daga dandamali aka zuba shi a fim, ya isa lafiya, ko wani abu ya zube a hanya?

Sai mun fara da asalin labarin kafin mu gane amsar. A 1953 gwamnatin wariyar launin fata ta kafa dokar ilimin baƙar fata, wadda aka tsara don ɗan baƙar fata ya samu karatun da zai ishe shi yin ƙwadago kawai. A 1974 kuma aka fito da umarnin cewa a makarantun baƙar fata za a raba darussa biyu, rabi da Ingilishi rabi da Afrikaans, kuma lissafi na cikin waɗanda aka ce sai da Afrikaans. To ku duba, yaro yana fama da lissafi da harshen da ya ɗan iya, sai a ce ya koma koyonsa da harshen da shi kansa malamin bai ƙware a kai ba, harshen da yaran suka fi ji a bakin ɗan sanda da jami'in da ke duba takardar izinin zama a gari. Ranar 16 ga Yuni, 1976, dubban ɗalibai suka fito kan titunan Soweto, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hoton da Sam Nzima ya ɗauka na Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12, Mbuyisa Makhubo na ɗauke da shi, yayarsa Antoinette na gudu a gefe tana kuka, ya zagaye duniya. Tarzomar ta bazu zuwa wasu garuruwa, kuma kwamitin binciken da ita kanta gwamnatin ta kafa ya ƙirga mutum 575 da suka mutu zuwa ƙarshen Fabrairun 1977. Ƙidayar gwamnati ke nan fa. Saboda wannan rana ce Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ware 16 ga Yuni a matsayin ranar yaran Afirka tun 1991.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 1987, Mbongeni Ngema ya buɗe Sarafina a gidan wasa na Market Theatre da ke Johannesburg. Ngema ba baƙo ba ne a harkar, shi da Percy Mtwa da Barney Simon ne suka yi Woza Albert! a 1981. Kiɗan Sarafina kuwa shi da Hugh Masekela suka haɗa shi, Masekela yana gudun hijira tun 1960. 'Yan wasan matasa ne da Ngema ya tattaro daga unguwannin baƙar fata ya horar da su da kansa, kuma Leleti Khumalo da ta fito a Sarafina shekararta 17 lokacin.

Ina so ku riƙe shekarar nan, 1987, don kusan duk hujjata a kanta ta rataya. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci da aka ƙaƙaba a Yunin 1986. Motocin sulke na yawo a unguwanni, ana tsare matasa ba shari'a. Nelson Mandela yana kurkuku tun 1962, buga hotonsa a jarida ma laifi ne. A cikin wannan yanayi ne yara suka hau dandamali suna wasan 'yan makarantar Morris Isaacson ta Soweto, kuma ƙololuwar wasan ita ce inda ɗaliban suka shirya bikin ƙarshen shekara, yarinya Sarafina ta fito a matsayin Mandela ranar da aka sako shi. Ka ga wanda ke zaune a cikin 'yan kallo bai san ko ranar za ta zo ba. Su ma masu wasan ba su sani ba. Waƙar da ke cewa 'yanci na nan tafe gobe, a wannan daren fata ce da addu'a, kuma akwai kasada a rera ta.

Yadda aka gina wasan ma abin lura ne. Makaɗa na can sama a kan abin da aka yi wa siffar motar yaƙi, sanye da kayan soja, ga shingen waya. Babu jini, babu bindigar gaske. In za a nuna harbi, ganga ce za ta buga yara su zube ƙasa. In za a nuna jana'iza, hannuwa ne za su ɗaga akwatin da babu shi, kai mai kallo ka cika sauran da zuciyarka. Bayan ɗan lokaci waɗanda suka zube su miƙe su shiga waƙa ta gaba, ba wanda zai ce an yi masa ƙarya, don dama yarjejeniyar wasan daɓe ke nan tsakanin mai yi da mai kallo. Kuma duk da sunan yarinya ɗaya aka sa wa wasan, ajin ne gaba ɗaya jarumin. Murya ashirin da wani abu ce ke tashi lokaci guda da Zulu da Ingilishi, wannan ya karɓi labari ya miƙa wa wancan. Malamar ajin, wadda Baby Cele ta fito a matsayinta, ɗaya ce daga cikin taron.

Wasan ya tsallaka Amurka a ƙarshen 1987, ya fara a Lincoln Center, sannan a Janairun 1988 ya koma Broadway, gidan wasa na Cort a New York, inda aka yi shi sau 597 kafin a rufe a Yulin 1989. An sa shi takarar lambar Tony a rukuni biyar, har da na Leleti. Akwai wani fim na gaskiya da aka yi a 1988, Voices of Sarafina!, inda yaran ke ba da labarin rayuwarsu da bakinsu, har aka nuna haɗuwarsu da Miriam Makeba, wadda ita ma rabonta da gida tun 1959. Wanda ya samu ya kalla, don shi ne mafi kusa da abin da 'yan kallon wancan lokaci suka gani.

Sai duniya ta juya. Ranar 11 ga Fabrairu, 1990, Mandela ya fito daga kurkuku yana tafiya da ƙafarsa. Makeba ta koma gida, Masekela ya koma. Da furodusa Anant Singh da darakta Darrell Roodt suka zo yin fim ɗin, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a watan Mayun 1992, babbar matsalarsu ita ce abin da wasan yake roƙo ya riga ya faru. Yarinya ta yi shigar Mandela a 1987 tsaurin ido ne. Ta yi a 1992, tuna baya ne. Duk ƙwarewar darakta ba zai iya dawo da wancan fargaban ba.

Don haka suka sake labarin sosai. Aka kawo marubucin Ingila William Nicholson ya yi aiki da Ngema a kan rubutun. Aka ɗauko Whoopi Goldberg, wadda ba ta daɗe da cin Oscar ba saboda fim ɗin Ghost, aka ba ta malama Mary Masombuka, aka faɗaɗa matsayin malamar har ya zama ginshiƙi. Makeba ta fito a uwar Sarafina, Angelina, mai aikatau a gidan Turawa. John Kani ya zama shugaban makaranta. Ngema da kansa ya ɗauki matsayin Sabela, baƙin ɗan sandan da ke yi wa gwamnati aiki. Raye-rayen kuma aka haɗa da Michael Peters, mutumin da ya tsara rawar Thriller ta Michael Jackson. In kun taɓa jin cewa wasu wuraren fim ɗin sun yi kama da bidiyon waƙa na talabijin, to ga inda abin ya samo asali.

Masu sharhi da dama a Turai da Amurka sun yi ƙorafin cewa waƙa da azabtarwa ba su zauna lafiya a fim ɗaya ba. Mu nan wannan ƙorafi bai cika damunmu ba, mu da muka taso da fina-finan Indiya da na Kannywood, inda jarumi zai fito daga gidan makoki ya shiga lambu yana waƙa ba wanda ya ce uffan. Amma in za a yi adalci, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, kuma ba a yawan waƙoƙin matsalar take ba. Kyamara ba ta iya ishara irin ta dandamali ba. Da zarar ka kai ta titin Soweto na gaske, da ƙura ta gaske, da motar sulke ta gaske, to harsashi ma sai ya zama na gaske, wanda ya faɗi kuma ba zai tashi ya yi amshi ba. A dandamali waƙa ita ce harshen da ake faɗin komai da shi, har mutuwa. A fim sai da aka nemo wa kowace waƙa dalili: wannan mafarki Sarafina ke yi na zama tauraruwa, wannan addu'ar safe ce a filin makaranta, wannan a maƙabarta ake yi. Waɗanda suka samu dalili mai ƙarfi sun zauna daram. Waƙar jana'izar ɗaliban da aka harbe har yau tana tayar min da tsikar jiki, saboda a Afirka ta Kudu ta wancan zamani jana'iza ita ce taron siyasar da ya rage wa mutane, kuma da waƙa ake yinta. Amma rabin fim ɗin na biyu, daga kame zuwa ɗakunan azaba, kusan ya manta cewa shi mai waƙa ne. Sai ka ji kamar fim biyu aka ɗinke da zare ɗaya.

Batun Whoopi kuma ra'ayina a rabe yake. Ba don sunanta ba da wuya a samu kuɗin yin fim ɗin da kamfanonin da za su rarraba shi a duniya, kuma ta yi wasanta da natsuwa, ba ta nemi ta danne yaran ba. Darasin da take koyarwa a kan Napoleon yana cikin wurare mafi daɗi: littafin gwamnati ya ce sanyin Rasha ne ya kayar da shi, ita kuma ta nuna wa yara cewa mutanen ƙasar ne suka ƙi miƙa wuya. Wannan darasi ne ya jawo aka kama ta, daga baya aka ce wai ta faɗo daga bene a hannun 'yan sanda, irin bayanin da aka yi a kan Ahmed Timol a 1971, wanda kotu ta sake bincike a 2017 ta tabbatar kashe shi aka yi. Duk wannan ya yi. Inda nake da ja shi ne, da aka ɗora nauyin wayar da kai a kan malama ɗaya, sai labarin ya koma irin wanda Hollywood ta saba da shi, na malamin kirki da ya buɗe wa ɗalibai ido. Tarihin Soweto kuwa ba haka ya tafi ba. An samu malamai masu ƙarfin hali, gaskiya ne, amma yaran ne suka shirya abinsu, har suka ɓoye wa iyayensu.

Nan ne ni a matsayina na mai harkar matasa abin ya fi ci min rai. Makonni kafin 16 ga Yuni, ɗalibai a Orlando West sun riga sun ƙaurace wa aji. Ranar 13 ga Yuni ƙungiyar ɗalibai ta SASM ta kira taro a wani zaure a Orlando, aka kafa kwamitin aiki da wakilai daga makarantu, aka sa rana, aka tsara hanyar da kowace makaranta za ta bi, aka amince cewa tafiyar ta lumana ce. Tsietsi Mashinini, ɗalibin Morris Isaacson, shi ya jagoranta. Kwamitin nan ne ya zama majalisar wakilan ɗaliban Soweto, wadda daga baya ta iya kiran iyaye ma'aikata su zauna a gida, suka kuma zauna. Buƙatarsu a fili take, guda ɗaya, kowa ya san ta, kuma cikin 'yan makonni gwamnati ta janye tilascin Afrikaans. Mashinini ya tsere daga ƙasar, ya zauna a Afirka ta Yamma har da nan Najeriya, ya rasu a Gini a 1990. A fim ɗin ba za ka ga wannan aiki na zama da rubutu da aika saƙo daga makaranta zuwa makaranta ba. Za ka ga fushi, ka ga wuta, ka ga gudu. Taron kwamiti ba ya kyau a kyamara, na sani, ba ya rawa. Amma matashin da duk abin da ya sani game da Soweto daga fim ɗin ya samo shi zai ɗauka cewa gwagwarmaya ita ce ranka ya ɓaci ka fito titi, kuma na sha zama da matasa a taruka da ke da wannan fahimta.

Ƙari a kan haka, fim ɗin ya cakuɗa zamani biyu. Sunan 1976 ake kira, amma yawancin abin da ake gani, sojoji a harabar makaranta, farautar masu kai rahoto, ƙona ɗan sanda, yanayin tsakiyar shekarun 1980 ne. Mai kallo da bai karanta ba zai fita da zaton duk a shekara ɗaya aka yi.

To amma kada ku ce na zo rushe fim ɗin ne, don akwai abin da ya yi wanda wasan daɓen bai yi ba, kuma a ganina shi ne dalilin da ya sa ya cancanci a ci gaba da kallonsa. Ya tambayi abin da tashin hankali ke yi wa wanda aka zalunta in shi ma ya ɗauka. Ku tuna wurin da ɗalibai suka rutsa Sabela suka zuba masa fetur. An nuna mana muguntarsa, mun ga yadda ya tilasta wa Guitar zama ɗan leƙen asiri ta hanyar yi wa mahaifinsa nakasasshe barazana. Duk da haka kyamara ba ta bar mu mu yi murna ba. Ta tsaya a kan fuskarsa yana roƙo, ta tsaya a kan fuskar Sarafina. A nan kusantar da kyamara ke yi, wadda ta raunana waƙoƙin, ita ce ta yi aiki, don daga kujerar gidan wasa ba ka ganin idon mutum haka. Kuma abin ya faru a tarihi. A ranar 16 ga Yunin kanta taron jama'a ya kashe Dakta Melville Edelstein, Bature mai aikin jin daɗin jama'a a Soweto. A 1985 a Duduza sai da Desmond Tutu ya kutsa cikin taro ya ƙwaci wani mutum da ake shirin ƙonawa bisa zargin leƙen asiri. Wasan da ake yi a 1987, ana tsakiyar yaƙi, a gaban baƙi a New York, ba zai tsaya yana tone wannan ciwo ba. Fim ɗin 1992 ya samu sarari, kuma yana da dalili: ana tattaunawar miƙa mulki, jini na zuba a unguwanni, wata ɗaya bayan Cannes aka yi kisan Boipatong inda mutum 45 suka mutu. Tambayar ƙasar a lokacin ita ce yaya yaran da suka girma cikin wuta za su ajiye ta. Shi ya sa Sarafina, bayan ta fito daga tsare, ta ɗauko bindigar da malamarta ta ɓoye ta jefar.

Sai kuma uwa. Tun farko Sarafina na raina aikin mahaifiyarta, tana ganin mai wanke wa Turawa kwano ba ta cikin masu gwagwarmaya, babanta da ya mutu a fagen fama shi ne gwarzo. Bayan ta sha azaba ta dawo, sai ta je gidan aikin ta ba uwar haƙuri, ta gane wanda ya riƙe gidan duk shekarun nan. Wanda ya san cewa matar da ke sanye da rigar 'yar aiki a wannan wuri Miriam Makeba ce, wadda ta yi magana a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 a kan wariya, wadda aka hana ta shiga ƙasar ta binne mahaifiyarta, zai kalli wurin da wani ido daban. Wannan dangantaka ta uwa da 'ya fim ɗin ne ya gina ta, kuma ta fi duk wata rawa da ke cikinsa nauyi a wurina.

Akwai kuma maganar isa. Gidan wasa na Cort a lokacin kujerunsa dubu ɗaya da 'yan kai ne. Ko da a ce ya cika maƙil a duk wasanni 597, waɗanda suka gani ba su kai miliyan ɗaya ba, kuma yawancinsu masu iya sayen tikitin Broadway ne. Kaset kuwa ya shiga Kano, ya shiga Accra, ya shiga Nairobi, ya shiga gidajen da ba a taɓa jin sunan Market Theatre ba. Najeriya ta kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka a 1976, ma'aikata suka riƙa ba da wani abu daga albashinsu, amma mu 'yan baya ba daga littafin makaranta muka fara jin abin da iyayenmu suka tallafa wa ba, daga bakin Leleti Khumalo muka ji. A 2023 an sake nuna fim ɗin a Cannes a sashen tsofaffin fina-finai masu daraja, kuma a ƙarshen shekarar, 27 ga Disamba, Ngema ya rasu a haɗarin mota.

In kuka matsa min sai na yanke hukunci, zan ce a matsayin wasan waƙa fim ɗin ya yi ɗingishi, don ya karɓi waƙoƙin da aka rubuta wa taron murya a ɗaki ɗaya ya rarraba su tsakanin mafarki da jana'iza, ya kuma mayar da labarin aji guda labarin yarinya ɗaya da malamarta. A matsayin fim a kan abin da zalunci ke mayar da yara kuwa, ya wuce inda wasan ya tsaya. Ku duba yadda ya rufe: Sarafina da Guitar su biyu a cikin makarantar da ta ƙone, bikin da aka shirya bai yiwu ba, malama ta mutu, Crocodile ya mutu, sai a cikin tunaninta ne filin ya cika aka yi waƙar 'yanci. A dandamalin 1987 an yi bikin da gaske a gaban mutane, Mandela yana kurkuku. A fim ɗin 1992 Mandela yana waje, zaɓen 27 ga Afrilun 1994 saura shekara biyu, amma bikin a zuci kawai aka yi shi.

Nan za mu dakata a wannan makon. Wanda ya sake kallon fim ɗin kwanan nan ya faɗa mana wurin da ya fi tsaya masa a rai. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.